Doguwar da sukari ya kora

Jama'a, yau ni ce lokotoro, wato likita, a Dumega!

Mun je suna da Inna Hadiza, wadda aka yi wa aikin rage tumbi bara. Ta sha fura mai sukari. Bayan awa biyu sai zufa, jiki na rawa, har ta kwanta.

Tsofaffi suka ce, "Doguwa ce, a kawo turare!"

Na ce, "Sukarinta ne ya faɗi. Likitanta ya ce zaƙi na jawo mata haka."

Wata tsohuwa ta ce, "Zaƙi ya kada ta, kuma zaƙi za ki ba ta?"

Na sa mata ƙwayar sukari uku a baki. Kafin garwashin turaren ya kama, Inna ta tashi zaune tana neman kallabinta.

Tsohuwar nan ta matso. "Ɗiyata, duba mini gwiwar nan."