Rubutun da Kawu Ya Hana a Ɓoye

A shekarar da sojoji suka koma bariki ina aiki a shagon kawuna a Fagge, kusa da Bata. Aikinmu buga takardu da kwamfuta: katin biki, takardar neman aiki, da fastocin 'yan siyasa da suka yi mana yawa a lokacin. Ni kaɗai na iya na'urar. Kawu nasa zama a bakin ƙofa yana gaisawa da 'yan Kantin Kwari.

Kwamfutar gwanjo ce, wani injiniya a Sabon Gari ya haɗa mana ita. Bayerabe ne haifaffen Fagge, Hausar bakinsa ta fi tawa. Ya ce a cikinta akwai faifai biyu na ajiyar aiki, da wani ɗan allon lantarki da ya kira kati, mai kula da su. Duk abin da ya shiga ɗaya, katin zai kwafe shi a ɗayan, don haka ko ɗaya ya mutu ba abin da zai ɓata. Da wannan magana na saki jiki. Idan babu kwastoma sai in buɗe littafina na farko in ci gaba da rubutawa, kai tsaye a cikinta. Labarin kakata ne, yadda ta baro Borno tana yarinya ta zauna a Fagge. Ita take ba ni da bakinta, ni kuma in zo in zuba kafin ya huce. Ta rasu ana saura kaɗan in gama.

Abu ɗaya ne ya dame ni da na'urar. Duk lokacin da aka kunna ta, kafin ta buɗe, sai katin nan ya fito da wani farin rubutu a baƙin allo, yana cewa a danna maɓalli kaza da kaza a shiga saitinsa. Injiniya ya gargaɗe ni kada in taɓa shiga. Ga shi ana ɗauke wuta ba adadi, duk dawowarta sai rubutun ya sake fitowa a gaban duk wanda ke shagon.

Na je Sabon Gari na same shi. "Injiniya, ba a iya ɓoye rubutun nan?"

"Ana iyawa mana, ƙanwata. Amma na'urar Alhaji ce, sai ya ce a yi."

Na dawo na gaya wa Kawu. Ya yi dariya. "Ke 'yar nan, ki bar shi. Wannan Turancin da ke gudu shi ke nuna wa mutane injinmu babba ne." Na sake yi masa magana, ya ce na cika naci.

Akwai wani abokin Kawu da ya ci kansila a zaɓen lokacin. Tun da aka fara kiransa Honarabul ya daina tsayawa a bakin kanta, sai ya zagayo ciki ya zauna a kujerata. Wata rana ya zo karɓar fastar godiya ga masu zaɓe, babu wuta. Na shiga maƙwabta in yi sallar azahar. Ina cikin salla na ji yaran layi suna ihun an kawo wuta.

Da na dawo na tarar da shi a gaban kwamfutar, hula a ƙeya, allon ya koma shuɗi, wani layi yana tafiya a hankali. Kawu na tsaye a bayansa yana murmushi.

"Yallaɓai, me ka danna?"

"Ita ta ce a danna, na danna. Ta yi ta tambaya, ni kuma ina ce mata e. Ai mun yi kwas ɗin kwamfuta."

Na zare wayar daga bango. Na tari a-caɓa zuwa Sabon Gari na taho da injiniya. Ya kunna, ya duba. Sannan ya ce an ba katin umarnin goge faifan, kuma duka biyun ya bi. Na tambaye shi littafina fa. Ya girgiza kai.

Ban san lokacin da na juya kan kansilan ba. "Wa ya ce ka taɓa? Gidanka ne? Don an zaɓe ka sai ka danna duk abin da ka gani?"

Ya miƙe yana gyara babbar riga. "Alhaji, 'yarka ba ta da kunya. To ina fastata?"

Abin da Kawu ya yi shi ne har yau yake ci mini rai. Ya bi shi har bakin mota yana ba shi haƙuri, yana cewa yarinya ce, za a sake yi masa fastar kyauta. Da ya dawo ya ce mini, "Tatsuniyar tsohuwa ce kike wa wannan haukan? Ki sake rubutawa mana."

"Kawu, mahaifiyarka ce fa. A bakin wa zan sake ji?"

Ya juya wajen injiniya ya ce a ɓoye rubutun. Ina kallo injiniya ya shiga saitin, ya sauya kalma ɗaya, ya kashe ya kunna. Rubutun bai fito ba. Ko shayin da aka kawo masa bai huce ba ya gama. Wannan ne abin da na yi ta roƙo.

Ban yi fastar ba. Na ɗauki jakata na tafi gida, kuma ban koma shagon ba. Mahaifiyata ta yi ta sasanci, ana cewa babba ba ya ba yaro haƙuri. Ina gaishe da Kawu a biki da suna, iyakarta ke nan. Na sami aiki a wata maɗaba'a a Sabon Gari, na sake rubuta littafin da biro. Hanyar da kakata ta biyo na tuna, garuruwan ma na tuna wasu. Amma waƙar da ta ce suna yi a kan jaki, da sunan ƙawarta da ta mutu a hanya, na tambayi duk tsofaffin gidanmu, babu wanda ya sani.