Buhun Gero a Kujerar Tarakta

Tarakta na tafiya a gonarmu ta Tarka, ba kowa a kanta sai buhun gero. Ni na ɗora shi, zamanin soja, don akwai waya a kujerar, in ka tashi daga kanta injin mutuwa yake. Ina bayanta ina cire saiwa daga garma, sai ta karkata ta nufi gawon da matata ke shayar da jariri a gindinsa.

Yayana ya sheƙa ya fizgo buhun. Saura taku uku ta tsaya.

Ya ce, "Ilu, buhu na da ido?"

Na ce, "Yaya, maƙeranta ne mugaye."

Har ya rasu bai sake bari na hau ba, ban kuwa huce ba. Amma har yau in na ji ƙarar tarakta, kujerar nake fara dubawa.

Masu son yanke wayar kujera, ku faɗa mini, wa ke zaune gaban taku taraktar?