Igiyar Gwaggo Hansai Mai Ƙulli Uku

Duk wanda ya san Gwaggo Hansai ya san ba ta shiga ɗaki ta bar shi yadda ta same shi. Ko barka ta je, kafin a kawo mata ruwa ta matsar da buta, ta juya tabarma. In an yi magana ta ce, "Ɗakin ne ya kawo mini ƙara." Ita ce mai yi wa amare jere tun daga Gumel har ƙauyukan Gagarawa, kuma iya sanina ba ta taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Kayan aikinta tsohuwar igiyar guga ce mai ƙulli uku, kullum tana ɗaure a ƙugunta.

Ni 'yar ƙanenta ce. Da na samu gurbin karatu a kwaleji, fannin tsara cikin gini, na je na sanar da ita da kaina, don babu wanda nake so ya yarda da karatun nan kamar ita.

"Me za a koya miki?"

"Wataƙila yadda ake tsara ɗaki, Gwaggo. Haske, launi, wurin ajiye kaya."

"Jere ke nan."

"Kusan haka, amma ba daidai ba."

"Shekara nawa?"

"Huɗu, in Allah ya yarda."

"La'ilaha illallahu! Ni da la'asar ɗaya na koya, uwata ma tana daka tana koya mini!"

Tun ranar ta raɗa mini Malama Wataƙila. Ba zan ce ta zalunce ni ba.

Kun tuna labulen ƙofarta? Ta ce a kasuwar Maigatari ta saye shi, kuma ina jin ya girme ni. A hutuna na farko na kawo mata sabo, na yi mata bayanin yadda shuɗi yake sanyaya ido. Ta shafa shi, ta sa albarka, ta ninke ta jefa a adaka.

"Sai wancan ya mutu."

"Gwaggo, ai ya mutu. Ana hango tsakar gida ta cikinsa."

"To ba amfaninsa ke nan ba? Ina kwance ina ganin akuyar da take ci mini dawa."

Maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, ita ma ba ta tsira ba. Gwaggo ta shiga yi mata barka da Kirsimeti, ta dubi falon ta ce, "Madam, kujerun nan gaba suke yi? Kowacce ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya!" Kafin a zuba mata shinkafa ta sasanta su. An ce da maigidan ya dawo sai da ya koma waje ya sake duba ƙofar gidan.

A shekarar ƙarshe aka ba mu aikin kammala karatu: ɗakin sababbin ma'aurata. Na zana, na haɗa ɗan samfuri da kwali, har abokan karatu suna yabawa. Saura mako biyu in gabatar, na kawo mata. Ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Wannan ɗakin ɓeraye ne. Zana mini shi a ƙasa, da girmansa."

Na ɗauki gawayi na zana a tsakar gida. Ta kwance igiyarta.

"Ina gabas?"

Na nuna. Ta shimfiɗa igiyar zuwa ƙulli na farko, wanda ta ce tsawon mutum ne a sujada. Ƙullin ya faɗa tsakiyar inda na zana sif ɗin kaya.

"Masu ɗakin nan a kan sif za su yi salla?"

"Wataƙila su fita falo."

"Wataƙila su hau rufi!"

Ƙulli na biyu faɗin mata biyu ne a tabarma da kwanon tuwo a tsakaninsu. Shi kuma ya hau gado. Kunya ta kama ni ƙwarai. Na auna komai yadda littafi ya ce, na manta mu a ƙasa muke zama, a ƙasa muke salla.

"Na ukun fa, Gwaggo?"

"Ba a kai ajinku nan ba tukuna."

Na rushe aikin na sake shi daga tushe, ina tsoron lokaci ba zai ishe ni ba. Ranar gabatarwa wani malami ya tambaye ni inda na samo awon filin da na bari ta gabas. Na ce daga wata ƙwararriya a Gumel. Na ci, da sakamakon da ban zata ba. Da na gaya mata sai ta ce, "Ashe malaman naku suna da hankali." Ni kuwa ba ta yabe ni ba, kuma na kasa tambayarta ko na iya.

Bara ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Da maza suka nemi karan da za a auna kabari, Baba ya ce ta bar wasiyya: ba sai an nemi kara ba, a ɗauki igiya zuwa ƙulli na uku. Aka gwada, ya zo daidai da tsawonta, ko ɗan yatsa bai ƙaru ba. Da aka dawo daga maƙabarta Baba ya miƙo mini igiyar da ƙasa a jikinta.

"Ta ce a ba Malama Wataƙila. Ta ce ta iya."

Har yau tana cikin jakata tare da tef, kuma ita nake fara shimfiɗawa a duk ɗakin da aka kira ni. Allah ya jiƙan Gwaggo. Ɗaki ɗaya ne ta shiga ba ta matsar da komai ba. Ya Rabbi ka yalwata mata shi, ka cika shi da haske.