Amfilifayar Dattijon Kurfi

Na yi shekaru ina gyaran rediyo da lasifikar masallaci a Dutsin-Ma kafin a fara kawo mini amfilifayar jita, wato na'urar ƙara mata sauti, irin ta da mai kwalaben gilashi da ke ɗaukar zafi a cikinta. Wanda ya kawo ta wani dattijo ne daga Kurfi, mai sayar da hatsi, da yake kaɗa jita a gidansa tun yana saurayi. A bayan babur ya ɗauro ta, naɗe cikin bargo, jitar kuma tana rataye a kafaɗarsa. Ya ce gurnani take yi ko ba a taɓa tsirkiya ba.

Na buɗe bayanta, na kunna, na bar kwalaben suka yi ɗumi. Yadda na saba gwada na masallaci haka na yi mata: na jona wayata ta hannu, na sa wani sauti miƙaƙƙe da nake gwaji da shi, na ƙure ƙarar wayar. Ko rabi ban murɗa amfilifayar ba ta hau kuka a shaƙe, kamar ana yaga atamfa.

Na ce, "Alhaji, kwalaben nan sun gaji. Sai dai a nema a Kano, in ma za a samu."

Bai yi gardama ba. Ya ɗan jima yana kallon wayar, sannan ya ce, "Malam, ni fa jitata ba ta taɓa sa ta irin wannan ihun ba. Abin naka bai yi mata yawa ba kuwa?"

Na ji kunya, don ban taɓa tambayar kaina yawan wutar da jita take bayarwa ba. Na ɗauko mita na ɗora a bakin igiyar jitar, na ce ya kaɗa yadda ya saba a gida. Ya zauna kan benci, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya fara. Lambobin mita suna hawa suna sauka, amma ba su cika wuce kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. Na ce ya buga da ƙarfi. Ya buga, suka ɗan yi tsalle suka dawo. Da na auna wayata kuwa, abin da nake ɗura wa baiwar Allah ya ninka haka sau da yawa.

Na riƙa rage ƙarar wayar ina duban mita, har ta zo daidai da kiɗansa na kullum. Sauti ya fito tas. Ashe kwalabe lafiyarsu ƙalau. Sai a lokacin na ji gurnanin da ya kawo shi, can ƙasa-ƙasa. Wata kafasita ce, 'yar gwangwanin da ke tara wuta, ta kumbura. Na zare wuta, na sauke wadda ta rage a cikinta, don irinsu suna riƙe wutar da za ta iya kada mutum, sannan na sa sabuwa.

Bayan mun dawo daga la'asar ya jona jitarsa ya ce bari ya ji. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya tsayar da kekensa ya leƙo. Dattijon ya lumshe ido yana kaɗawa, ya ma manta yana da tafiya, sai da na ce masa rana ta yi ƙasa. Muka kama amfilifayar mu biyu muka ɗora kan babur.