Ranar da Waya Ta Ce Baba Ya Yi Murmushi

Wai sai Baba ya yi murmushi kafin a yarda yana da rai! Haka manhajar tantance 'yan fansho ta ce, bara, a tsakar gidanmu da ke Yako. Ka riƙe waya saitin fuskar tsoho, ya ƙifta ido, ya juya kai, ya yi murmushi. Idan ba ta karɓa ba kafin Juma'a, a cire sunansa, a sa shi cikin matattu.

Ƙifta ido ya yi, juya kai ya yi. Murmushin ne aiki. Baba tsohon mai gadin firamare ne, ko da can ba mai fara'a ba ne, kuma tun rasuwar Innarmu babu wanda ya ga haƙorinsa. Ya ɗan ja leɓe, waya ta ce bai yi ba. Ya sake, ta kawo jan rubutu. Raina ya ɓaci. Wanda ya ƙera abin nan, don Allah, bai taɓa ganin dattijo ba ne? A ina aka ce mai rai sai ya washe baki? Ga shi babu wani maɓalli da za ka danna ka ce mutumin nan yana cikin rashi.

"Ajiye wayar nan," in ji Baba. "Su rubuta na mutu."

Ni kuwa na hau babur, sai Ƙafin Maiyaki, na ɗauko Gwaggo, taubashiyarsa, wadda duk duniya ita kaɗai ke iya tsokanarsa. Tun daga zaure ta fara.

"Ina bawan nawa? An ce ka mutu, na zo rabon gado! Butar nan da rediyo nawa ne, kowa ya shaida."

Na saita waya.

"Ke da ko sadakinki akuya gurguwa ce?" Baba ya ce.

"Ko gurguwar ma da kai ne ka kasa biya, shi ya sa aka kai ni wani gidan!"

Wayyo, sai dariya ta ƙwace masa! Ta gaske, har da tari, har da hawaye. Waya ta kawo kore. Na yi ihu, matan gida suka rangaɗa guɗa, Gwaggo ta rungume butar ta ce ba ta fasa ba.

Da aka watse na koma cikin manhajar neman hoton, don in tura wa ƙannena su ga Baba yana dariya. Na duba ko'ina. Sun aika da shi can ofishinsu, ba su bar mana ko ɗaya ba.