Kifin Baba da Na Mayar Teku

Mahaifina masunci ne, kuma bai taɓa bari wani ya manta da haka ba. Shekarar da mahaifiyata ta rasu na ɗauko shi daga Yawuri na kawo shi ƙasar waje, birnin Greensboro, gidan hayar da muke zaune a bayan titin Wendover, inda ruwan da ya fi kusa da mu wani ɗan kududdufi ne da agwagi suka mayar masai. Bai zo da komai ba sai riguna huɗu, carbi, da gwangwanin tsofaffin ƙugiyoyi. Sai kuma labari. Labari kam, wallahi, buhu-buhu ya zo da shi.

Duk Juma'a in an sallame, mutane kan kewaye shi a filin ajiye motoci na masallacinmu da ke gabashin gari. Malaman jami'a, direbobi, masu aikin sito, kowa da makullin mota a hannu amma ba mai niyyar tafiya, suna jin yadda ya yi kokawa da giwan ruwa tun hantsi har azahar. Sarkin Ruwa suke ce masa. A garin da bai iya tuƙi ba, bai jin abin da jikokinsa ke faɗa, ko talabijin sai an kunna masa, wannan suna kaɗai ya rage masa a duniya. Na san haka sarai, kada wani ya ce ban sani ba.

Ni kuwa a bakinsa ɗan tudu ne. Ina shekara bakwai ya ɗaga ni daga kwalekwale ya wurga ni tsakiyar kogi wai in koyi iyo. Na sha ruwa, na ɓata wandona, masunta suna ta ƙyaƙyatawa. To, wannan labarin ma ya tsallako teku da shi. Ni da furfura a gemu, ina aiki a kantin magani, mutane na kawo mini takardar likita suna ce mini ranka ya daɗe, sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga shi nan, mai farar riga. Ku kai shi bakin rijiya ku ga rawar jiki." A yi dariya, ni ma in yi, haƙorana a cije. Na tsani labarin nan, kuma a irin wannan lokaci har shi kansa nakan tsana.

Akwai wani Alhaji a cikinmu, dattijo mai motocin dakon kaya, wanda duk bazara yakan tafi gaɓar jihar Washington kamun kifin teku. Shi ya ce ai bai kamata Sarkin Ruwa ya zo ƙasar nan ya koma bai gaisa da teku ba. Baba ya washe baki. Nan take ya ce kowa ya wanke tukunyarsa. A gidanmu, kifin farko da mutum ya kama a baƙon ruwa ba a sayar da shi, ba a kuma ci a ɓoye. Dafawa ake yi a raba wa maƙwabta, shi ne shaidar ruwan ya karɓe ka. Ya yi wa jama'ar masallaci alkawarin wannan kifi, da hannunsa, in Allah ya yarda.

Ni na shirya tafiyar, ni na karanta dokokin wurin. Abu biyu na sani. Na farko, teku ba kogi ba ne, tana juya cikin mutum ko uban wa ya haife shi. Na biyu, kifin salmon da za mu nema iri biyu ne a idon hukuma. Akwai wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, aka datse masa wani ɗan fiffike kusa da wutsiya kafin a sake shi, wannan in ka kama naka ne. Wanda fiffikensa ke nan cikakke kuwa haifaffen daji ne, dole a mayar da shi ruwa. Ko ɗaya ban faɗa wa Baba ba.

Muka yi doguwar tafiya zuwa gaɓar, muka kwana a masauki. Da safe na haɗiye ƙwayar hana jiri a banɗaki, ni kaɗai. Sai da muka isa bakin jirgin ruwa, ga Alhaji, ga mai jirgin, wani jibgegen Bature mai jan gemu, sannan na zaro ƙwayar na ɗaga murya.

"Baba, ga maganin amai. Ka sha, kada ruwa ya wahalar da kai."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni? Sha abinka, ɗan tudu."

Da a ɗaki na miƙa masa, da shayi, da ya sha. Na san ubana, shi ya sa na jira idon mutane.

Sun teku daban yake da namu. Ba koma, ba taru, ba mamari. Jirgi ke tafiya a hankali, an kafa sandunan fatsa a bayansa, wani dunƙulen dalma yana nutsar da zaren can ƙasa, ƙugiya da ɗan ƙarfe mai walƙiya suna biye, har kifi ya zaci abinci ne ke gudu ya kai cafka. Baba ya kalli abin ya taɓe baki. Ya ce wannan ai ba su ba ne, yawon shan iska ne, inji ke kamu mutum na hamma. Alhaji yana ta dariya.

Ba mu yi awa guda ba surutun ya ɗauke. Igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke, ta ɗaga ta sauke, kamar ana tankaɗe. Fuskar Baba ta yi toka-toka. Ya riƙe ƙarfen gefen jirgi, ya yi ta haɗiyar miyau yana salati a hankali. Sai kawai abin ya ƙwace masa. Mai jirgi ya turo masa bokiti da ƙafa, ya durƙusa ya rungume shi, hularsa ta faɗa ciki.

Ƙwayar tana aljihuna. Ban taɓa ta ba, waya na zaro.

"Jama'a, ga Sarkin Ruwa!" in ji ni, ina ɗauka. "Baba, ɗago ka gaida mutanen Greensboro. Yaya giwan ruwa?"

Ya ɗago, hawayen amai a idonsa, ya ce, "Kai, bari." Ban bari ba. Daɗi nake ji, daɗi na gaske, irin wanda na shekara talatin da wani abu ina jira. Alhaji ya ce, "Haba, Malam, ya isa mana," amma shi ma yana danne dariya.

Ana cikin haka sandar da ke gefen Baba ta lanƙwashe, zare ya fara kuka. Mai jirgi ya yi ihu. Kafin in motsa, tsohon nan da ke durƙushe ya miƙe. Ya ɗauki sandar, ya juya abin naɗe zaren baibai, ya ga ba ya yi masa, ya yar da ita a ƙasa, ya cafki zaren da hannu tsirara yadda ya saba a kogi. Tirƙashi! Zaren ya yanka masa tafi, jini na bin gwiwar hannunsa, bai ko duba ba. Ya saki kaɗan, ya ja, ya saki, ya ja, yana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin akuya. Jirin ya tafi. Ƙafafunsa sun kafu. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma haushi ya kama ni da na ga haka.

Mai jirgi na zuwa da ragar kwasa don ya duba kifin tun yana ruwa, amma ina! Baba ya sunkuya ya zura yatsu a kumatun kifin ya ɗago shi cak, ya rungume a ƙirji. Fari ƙal, yana sheƙi, tsawonsa ya kai hannuna. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Na masallaci ya samu."

Ni wutsiyar na duba. Fiffiken yana nan cikakke.

Mai jirgi ya shiga faɗa da Turanci, a mayar, a mayar yanzu, kada a ja masa a karɓe lasisinsa. Baba ya juyo gare ni, don ni ne kunnensa a ƙasar nan. "Me yake cewa?"

Da na so, da na ce masa doka ce, Baba, kifin na daji ne, kowa ma haka ake yi masa, ka riga ka nuna kai wane ne. Abin da na ce shi ne, "Ya ce ba naka ba ne. Sake shi."

"Ba nawa ba? Na wa ye? Dubi hannuna!"

"Nan ba Yawuri ba ce. Sake."

Ya ƙara ƙanƙame shi. Sai na miƙa wa Alhaji wayar, tana ci gaba da ɗauka, na kama yatsun mahaifina na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Da can yatsun nan ko mutum biyu ba sa buɗe su. Ranar kuwa ba su yi mini wuya ba. Na jefa kifin, ya ɗan yi jim a kan ruwa, ya kaɗa wutsiya ya nutse. Na ce, "Ga shi can, shi ma ya koyi iyo."

Baba ya juya mini baya. Ya shiga ɗan ɗakin jirgin ya kwanta, fuskarsa na kallon bango. Da rana aka matsa wuri mai zurfi neman halibot, wani faffaɗan kifi mai kwana a ƙasan teku, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya. Ni na kama, ni ɗan tudu, ƙato kamar tabarmar salla. Tun kafin mu iso gaɓa na tura hoton bidiyon nan cikin guruf ɗin masallaci na waya.

Juma'ar da ta biyo, matata ta soya halibot ɗina ta cika kula biyu, don alkawari ya riga ya fita. Ta roƙe ni in ce na Baba ne. Na ƙi. A filin motoci wani direba ya rungumi kwandon shara yana kwaikwayon amai, wani ya ƙwala, "Ina Sarkin Bokiti?" Shi ke nan, suna ya kama. Baba ya tsaya yana murmushin dole, ya buɗe baki zai ba da labarin yadda ya ja kifin, wani ya ce, "To ina kifin, Baba?" Aka fashe. Ya juya ya shiga mota ya zauna har muka gama rabo. Daga ranar, in an sallame, kai tsaye mota yake nufa.

Yankan tafinsa ya ƙi warkewa da wuri, kullum in na dawo aiki da la'asar ni ke wanke masa. Wata rana ina naɗa bandeji ya ce, bai dube ni ba, "Ranar da na jefa ka a kogi, ina nake?"

Na ce, "Kana cikin kwalekwale kana dariya."

"Su suka yi dariya. Ni tare muka faɗa. Ina ƙarƙashinka, hannuna a ƙugunka, har ka taɓa gaɓa. Idonka a rufe yake, shi ya sa ba ka gani ba." Ya janye hannunsa ya ƙarasa ɗaurin da haƙori. "Nema mini tikitin gida."

Na so in ce to me ya hana ka faɗin wannan a masallaci, sau nawa ka ba da labarin kana tsallake wurin? Har yau ina ganin da na tambaya da ban yi laifi ba. Amma ban tambaya ba, haƙuri ma ban ba shi ba. Na nema masa tikiti. Bayan tafiyarsa matata ta tsinci gwangwanin ƙugiyoyinsa a kwandon shara na ɗakinsa.

Bara ya rasu a Yawuri. Ƙanwata ta ce tun da ya koma bai ƙara zama bakin kogi ba, in aka tambaye shi teku sai ya ce bai je ba. Ranar sadakar uku, ina zaune ina karɓar gaisuwa, wayata ta yi ƙara. Wani bawan Allah ne a guruf, da kyakkyawar niyya, ya sake turo bidiyon, ya rubuta a ƙasa, Allah ya jiƙan Sarkin Bokiti. Hoton Baba mai motsi ke nan kaɗai da muke da shi. Na buɗe. Yana durƙushe yana cewa kai, bari, kuma muryar da ke dariya a bayansa tawa ce.