Haddar Da Ta Raba Ni Da Matan Nariya

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa mata masu matsar man gyaɗa a Kibiya, ina zaune a Rano da maigidana. Ni na haɗa kan matan ƙauyen Nariya tun suna suyar ƙuli-ƙuli a kasko ɗaya, har aka kai ga maganar kawo musu inji. Sai ofis ya ce duk wanda zai riƙe aikin injin dole ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa a tafiyar da ayyuka. In na ci jarrabawar samun takardar, aikin nawa ne. In ban ci ba, a kawo wani.

Ko ɗar ban ji ba. Tun ina Islamiyya an san ni da kaifin hadda, don haka na ɗauki littafin jarrabawar yadda na saba: in karanta shafi, in maimaita, in rufe, in kawo shi da ka. Bayan la'asar maigidana kan riƙe littafin yana bin layi da yatsa ina zubowa. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, bai san inda maganganun suka dosa ba, amma in na tsallake kalma sai ya tsayar da ni. Tambayoyin gwaji ma na yi ta maimaita su har amsoshin suka zauna mini, makina na hawa ina ta murna. Wata abokiyar aikina da ta riga ta ci ta ce in nemi tambayoyin da ban taɓa gani ba in gwada kaina, in ban taɓuka ba in ɗaga ranar tunda da sauran lokaci. Wallahi haushi na ji, na ɗauka baƙin ciki take yi mini.

Ranar jarrabawa a Kano, tambayar farko ta kashe mini jiki. Ba wanda ya ce in kawo ma'anar komai. Labari ake ba ka: kaya sun makara, ɗan kwangila na gardama, me za ka fara yi? Amsoshin kuma kowacce kamar ita ce daidai. Abin takaicin, irin waɗannan matsalolin na sha warware su a ƙauye, amma na zauna ina laluben shafin da na haddace har lokaci ya ƙare. Na faɗi. Kafin in samu damar sakewa an kawo wani daga birni, ni kuma aka mayar da ni aikin tebur a ofis.

Na koyi cewa mai sauraron haddarka ba zai iya faɗa maka ko ka shirya ba, sai wanda ya shiga ɗakin jarrabawar ya fito. 'Yan'uwa, ku gwada kanku da abin da ba ku taɓa gani ba, kuma kada ku kira mai faɗa muku gaskiya maƙiyi. Ni dai har yau in na haɗu da shugabar matan Nariya a kasuwa, sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni laifin me suka yi na guje su, ni kuwa kunya ba ta barina in faɗa mata.